Gobarar da Ke Hutun Juma'a

Na san abin da za ku ce tun ban rufe baki ba, ku mutanen Ƙaraye da Rogo. "Gobarar daji? Wane dajin? Malam ya zauna gaban talabijin ya ga Amurka tana ci bal-bal, shi ne ya kwaso zai jibga mana." To, sannunku da gardama, kuma ban ce ba ku da hujja ba. Wanda ya tashi daga Ƙaraye ya kama hanyar Rogo, abin da zai gani gona ce ta jingina da gona, sai ɗorawa da kaɗanya da tsamiya tsaitsaye, sai fadamun rake. Mai neman duhuwa sai ya nausa Dansoshiya a ƙasar Ƙiru, ko ya gangara Falgore ta wajen Doguwa, ba Falgoren Rogo ba. Na ba ku wannan kyauta.

Sai dai wuta ba ta neman takardar shaida kafin ta ci. Wadda ta lashe dammunan dawar da aka jingine a gona ana jiran amalanke, ta haɗa da tarin kara da harawar da aka yi wa tanadin rani, ta tsallaka ta kama shucin da za a yi jinka da shi, ta ƙarasa cikin gonar rake tana ƙara kamar ana harbi, wannan ba ruwanta da ko wurin sunansa daji ko saura. Duk shekara daga an yi girbi zuwa faɗuwar ruwa ana yin ta, kuma duk shekara idan aka tambaya amsa ɗaya ce: "Wallahi ganinta kawai muka yi." Wutar ƙasarmu marainiya ce, ba uwa ba uba. Uban nata nake so mu nemo yau, ku kuma ku gyara zama ku yi ta musu, na saba.

Bari mu fara da abin da ba hannun kowa a ciki, don kada ku ce na zo da son kai. Gobara kamar tukunya take a kan murhu, sai da duwatsu uku take zama: abin ci, iska, da tartsatsin da zai tayar. Biyun farko Allah ne ke kawo su, kuma nan yammacin Kano ya ba mu su a wadace. Ruwanmu ya fi na wajen Ɗambatta da Kunci, don haka ciyawarmu ta fi tasu tsayi da kauri. Shekarar da damina ta yi albarka kuna murna, gamba da ƙyasuwa ma murna suke yi, su wuce kan mutum a bakin rafi da kan iyakar gona. Ruwa ya ɗauke a watan Oktoba, su bushe ƙayau. Sai hunturu ya taso daga arewa maso gabas da ƙurar da ya kwaso tun daga ƙasar Cadi, ya tsotse ɗan danshin da ya rage. Da rana tsaka a irin waɗannan watanni laimar iska takan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100. Ba sai kun auna ba, leɓɓanku da dugaduganku sun riga sun ba ku labari. Abin da ya yi wa ƙafarku kaushi shi ya yi wa ciyawa, ita kuwa ba mai shafa mata man kaɗe.

Kada ku raina gambar nan da kuke saƙa zana da ita. A shekarun 1930 an kai ta arewacin Ostareliya don kiwon shanu, ta ji daɗin ƙasar ta bazu, yau hukumomin can sun sa ta cikin miyagun ciyayi, saboda wutarta ta fi ta ciyawarsu zafi nesa ba kusa ba, har manyan itatuwa take kashewa. 'Yar gidanmu ce ta je baƙunta ta nuna hali.

Saura dutse na uku, kuma a nan ne za mu ɓata.

Na ga hannunka, kai mai karatun jarida. Ka ce tsawa. Madalla, ka yi karatu. Aradu tana tayar da gobara, ba ƙarya ba ne. A Kanada kusan rabin gobarar daji daga gare ta take, kuma ita ke cin mafi yawan fili, domin tana faɗuwa a inda ba kowa, wutar ta yi kwanaki tana ci kafin a isa wurin. A 2023 ƙasar ta yi asarar kimanin hekta miliyan 15, wato faɗin jihar Kano sau 7 har da ɗori. A Ostareliya ma, manyan gobarar ƙarshen 2019 zuwa farkon 2020 da yawansu busasshiyar tsawa ce ta kunna su, irin wadda ake walƙiya da cida amma ruwan ba ya isowa ƙasa. Duk na yarda. Yanzu kai kuma ka ba ni amsa: yaushe rabon da ka ji cida a watan Janairu a Zarewa? A sararin da ba ko ƙyallin girgije, rana ta yi fari fat saboda hazo, daga ina aradun za ta faɗo? Tsawarmu da damina take tafe. Lokacin da take ta ɓarin wuta a watan Agusta, ciyawa ɗanya ce shar, ko kananzir ka zuba mata sai ka yi da gaske. Ɗan tsakanin da za ka iya laɓewa a ciki shi ne bazara, Afrilu zuwa Mayu, sa'ad da hadarin farko ke haɗuwa ƙasa tana bushe. Amma kafin nan, ranka ya daɗe, me ya rage? Kun riga aradu. Ta zo ta tarar da toka.

Wani kuma daga bayan taro ya ce fasasshiyar kwalba ce rana ke haskawa ta kama ciyawa. Wannan zance ya fi kwalbar kanta yawo. Gilashin da zai tara hasken rana wuri guda har ya ƙona abu sai mai wata irin ƙira, a wani irin zama, a daidai wani nisa. Ka ɗauki kwalbar lemo ka fasa, ka shimfiɗa ta kan tattaka, ka samu inuwa ka zauna, in ta kama ka aiko a kira ni. Ka taho da guzuri dai, zaman zai yi tsawo. Aman wutar dutse kuwa ba mu da shi, duwatsunmu na lafiya ne, sai dai awaki su hau.

Akwai guda ɗaya da zan ba ku da hannu biyu, don tana faruwa, kuma yawancin masu gardamar ba su ma san da ita ba. Harawa ko ciyawar da aka tara da sauran danshi, aka danne ta tuli guda, tana iya kama wuta da kanta. Ƙananan halittun da ke ruɓar da ganye suna fitar da zafi, tulin ya riƙe zafin bai bar shi ya fita ba, cikin ya yi ta ɗumama har ya kai inda ganyen zai fara cin kansa. Wanda ya taɓa tura hannu cikin tsohon juji da sassafe ya ji ɗumi, ya ga tururi na tashi, ya ga farkon abin. To wannan wuta ce ba ashana. Sai dai kafin ku yi guɗa, wa ya tara harawar ba ta bushe ba? Ko a nan ma da sawun mutum.

Shirwa fa? Kun san ta, da hayaƙi ya tashi za ku ga sun cika sama suna shawagi, suna cafke fara da ƙadangarun da wuta ta koro. 'Yan asalin arewacin Ostareliya sun daɗe suna cewa tasu shirwar har ɗaukar itace mai wuta take yi ta jefa gaba don farauta ta ci gaba, kuma wasu masana sun tattara irin wannan shaida sun buga a 2017. Ina jin wani har ya washe baki, ya samu wanda zai ɗora wa. Yi a hankali, Alhaji. Ko a can ɗin, shirwa ɗauka take yi daga wutar da ta tarar. Ba a taɓa kama ta da ƙyastu ba.

Na san inda za ku ɓuya in duk waɗannan sun ƙare: mutanen ɓoye. Wai an ga wuta ta tashi daga gindin tsamiya da tsakar dare ba kowa a wurin. Ni ba zan yi musun akwai aljanu ba, ni wa? Tambayata ita ce me ya sa aljanun namu ba sa kunna wuta da damina, ba sa kunnawa a tsakiyar dam ɗin Challawa, sai a gindin itacen da ke da amya ko kogon zuma, sai a bakin ramin gafiya. Aljanin da ke son zuma da naman gafiya, kuma yake barin sawun takalmin roba, ina ganin mun san gidansu. Ana cewa gobara daga kogi maganinta Allah. Tun 1992 da aka gama dam ɗin nan ruwa ke kwance a ƙasar Ƙaraye, ba a taɓa jin ya kama da wuta ba. Tamu daga tudu take zuwa.

Yanzu ku saurara, ga wadda za ta hana ku barci. Akwai taurarin ɗan'adam da ke ratsa samanmu kullum suna hango zafin wuta, irin su Terra da hukumar NASA ta harba a 1999 da Aqua da ta biyo baya a 2002. Abin da suka nuna shi ne kusan kashi 70 cikin 100 na filin da wuta ke ci a duniya duk shekara a Afirka yake, ba a Amurkan da kuke gani a talabijin ba, kuma a ɓangarenmu na Afirka ta Yamma abin ya fi ƙamari a Disamba da Janairu, watannin da ba tsawa. Wannan kaɗai ya isa. Amma a 2015 wasu masana ƙarƙashin José Pereira na Jami'ar Lisbon suka zauna suka jera wutar gonakin Afirka kudu da Sahara bisa ranakun mako. Sai ga abin mamaki: a yankunan da Kirista suka fi yawa wuta tana raguwa ranar Lahadi, a yankunan Musulmi kuwa tana raguwa ranar Juma'a.

Ku maimaita a ranku. Wutar da kuka ce daga sama take, ta san Juma'a. Tana wanka ta sa fararen kaya, ta hau babur ta tafi masallaci, ba ta dawowa aiki sai Asabar. Aradu ba ta da kalanda, kwalba ba ta jin kiran salla, hunturu kuwa bai taɓa ɗaukar hutu don liman ya hau mumbari ba. Idan wuta tana hutawa ranar da kuke hutawa, to ni dai ban ce komai ba, ku dubi aljihunku.

Kuma kada ku ce abin kunyar namu ne mu kaɗai. A Amurka ma, da aka bi gobarar shekarun 1992 zuwa 2012, an tarar kashi 84 cikin 100 mutane ne sanadi. Wadda ta share garin Paradise na Kalifoniya a watan Nuwamban 2018, ta kashe mutum 85, tsohon layin lantarki ne ya tayar da ita. A wannan fanni kam mu mun tsira da mutuncinmu: wayar da ba wuta a cikinta ba ta ƙona daji.

Mutanen Rogo suna da tasu mafakar ta musamman, tunda suna bakin iyaka. "Ai daga ƙasar Zazzau ta ɓullo." Allah sarki Zage-zagi, abokan wasa, komai aka rasa mai shi sai a miƙa musu. Ni ma da zan so haka ne, don ba abin da ya fi mini daɗi irin in kama Bazazzagi da laifi. Amma iska ta ƙi ba mu haɗin kai. Hunturu daga arewa maso gabas yake busowa ya nufi kudu maso yamma, su kuwa Zage-zagi suna kudu da mu. Wuta bayan iska take bi. In dai akwai wadda ta tsallaka iyaka, mu muka aika musu, ba ko sallama. Kada wanda ya kai musu wannan labari.

To tunda mun dawo gida, sai a fara nuna juna da yatsa, kuma a nan ne wasan ke daɗi. Manomi ya ce makiyayi ne. Makiyayi ya ce mafarauta ne. Mafarauta suka ce masu cire zuma ne. Mai zuma ya ce shi da dare yake aiki, a tambayi masu gawayi. Mai gawayi ya ce direbobi ne ke wurgo guntun sigari. Daga ƙarshe duk a haɗu a kan yara, tunda su ba a gayyace su zaman ba. Abin dariyar shi ne kowa gaskiya ya faɗa. Laifi tudu ne.

Ku zo mu tsaya kan mafarauta tukuna, don nasu ya fi kyan kallo. Samari ne da karnuka da sanduna da gora, an gano ramin gafiya a kan iyakar gona. A toshe ƙofa ɗaya, a cusa busasshiyar ciyawa a ɗaya, a ƙyasta ashana, wani ya durƙusa yana fifita da hularsa don hayaƙi ya shiga. Can sai gafiya ta ɓullo ta wata ƙofar da ba wanda ya san da ita, ta ranta a na kare. Ihu ya tashi, karnuka suka bi, samari suka bi, mai fifitar ma ya miƙe ya bi, har ya manta hular. Wa ya tsaya ya take wutar? Ba kowa. Iska ta ɗauki ɗan tartsatsi ta ajiye kan ƙyasuwa, ta yi ɗan tsiri-tsiri kamar ba za ta kama ba, sannan ta miƙe. Kafin a gama rabon gafiya, wadda ko cinya ɗai-ɗai ba za ta ishe su ba, hayaƙi ya rufe gonar wani bawan Allah da ke can kasuwa yana cinikin buhun da zai zuba dawarsa. Wasu ma ba sa wahalar neman rami, saurar gaba ɗaya suke kewayewa da wuta su tsaya a bakin iska suna jiran zomo da kurege. In ka yi magana a ce maka farauta gado ce. Gado ce mana, amma Sarkin Baka na da bai gaji a fita ba shiri ba, a watse ba waiwaye.

Mai zuma shi da bakin wuta yake hawa, ya yi wa ƙudan hayaƙi, in ya sauko da ƙwarya cike, ƙudan na bin sa, ba ya tsayawa neman inda bakin wutar ya faɗi. Sau da yawa ma cikin kogon itacen take maƙalewa ta yi ta ci a ɓoye, sai bayan kwana ɗaya ko biyu itacen ya faɗi ya watsa garwashi. Ga wutar tsakar darenku ta gindin tsamiya. Makiyayi kuma yana da nasa lissafin, kuma ba na wauta ba ne: in aka ƙone tsohuwar gamba da ta zama itace, saiwarta takan yi sabon toho ko ba ruwa, shanu su samu ɗanye a tsakiyar rani, kaska ma ta ragu. Mai gawayi ya binne kirya ko marke ya tafi cin abinci, ramin ya huje ta gefe. Mai dafa mazarƙwaila yana iza tuƙar rake a wuta, ga busasshen ganyen rake tuli a bayansa. Guntun sigari a yawancin watanni mutuwa yake yi a inda ya faɗi, amma a bushewar hunturu yakan samu abin da yake so. Masu jin ɗumi da asuba a bakin hanya su tashi su bar garwashi wai ai ya mutu.

Akwai kuma wadda ba a faɗa a dandali. Manomin da ya gama kwashe amfaninsa ya cinna wa karan wuta da gangan, ba don shara ba, don kada shanun wane su ci. Da wanda ke da jiƙaƙƙa da maƙwabcinsa kan iyaka ko kan neman aure, ya bari sai dare ya raba. Na ga kun sunkuyar da kai. Mu wuce.

Ga babban dattijo can ya ɗaga sanda. "Yaro, kakanninmu sun ƙona daji, iyayenmu sun ƙona, ba abin da ya same su. Toka ma taki ce." Allah ya ja kwana, Baba, maganarka da ƙamshin gaskiya, kuma ba zan bi 'yan birni in ce duk wuta ɓarna ce ba. Ƙasar ciyawa irin tamu da wuta ta girma. Dubi kaurin ɓawon kaɗanya, an halicce ta ne da shirin haɗuwa da ita. A 1936 wani masanin gandun daji Bafaranshe, André Aubréville, ya yanki filaye uku a Kokondekro kusa da Buwake a ƙasar Kwaddibuwa. Ɗaya aka hana masa wuta sam, ɗaya ana ƙona shi a farkon rani, ɗaya a ƙarshen rani, aka yi ta yi shekara da shekaru. Wanda aka hana wa wuta ya rikiɗe ya zama kurmi, wato da makiyayi ne da ya rasa wurin kiwo. Na farkon rani ya riƙe itatuwansa da ciyawarsa. Na ƙarshen rani kuwa itatuwan suka yi ta mutuwa, ya koma fili. Wuta ɗaya ce, ashana ɗaya ce, wata ne ya bambanta. Ta farkon rani tana tafe a sanyaye, ciyawa da sauran danshi, raɓar dare ta kashe ta, ta bar tsibiri-tsibiri. Ta Fabrairu da Maris ba ta barin komai, kuma daidai lokacin ne ɗorawa da kaɗanya ke fure. Gwaggo da ke kukan kalwa ta yi tsada, daddawa ta gagari miya, ta tambayi wanda ya babbake furen.

Su kakannin naka, Baba, sun ƙona ne a lokacin da tsakanin gari da gari daji ne, wuta ta yi yini tana ci ba ta taɓa dukiyar kowa ba. Yau fa? Har taurarin nan sun nuna filin da wuta ke ci a duniya ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu tsakanin 1998 da 2015, mafi yawa saboda dajin ciyawa ya koma gonaki. Ka ga ke nan wutar yanzu ba ta kai ta zamaninku faɗi ba. Sai dai duk taku goma da za ta yi, a kan abincin wani take takawa. Kara da kuke bari a gona da, yau kuɗi ne, a yi danni, a yi girki, a ba dabba. Harawa kuwa a ƙarshen rani sai mai hali.

Batun toka taki ce, rabinsa gaskiya ne. Toka tana barin kanwar ƙasa da ɗan abin da shuka ke so, shi ya sa inda aka tara shara aka ƙona dawa kan yi duhu. Amma sinadarin da ke sa ganye ya yi kore shar, wanda kake sayen buhun yuriya dominsa, shi hayaƙi yake bi ya tafi sama. Ganyen da zai ruɓe ya riƙe wa ƙasa ruwa ya tafi. Tokar ma da kake taƙama da ita, in ka ƙona a Janairu, hunturu ya share ta ya kai wa Zage-zagi kyauta. Ruwan farko ya sauko kan ƙasa tsirara ya wanke saura zuwa rafi, rafi ya kai dam. Sannan ka sayar da akuya ka sayo abin da ka ƙona.

Ba dabara ce ta gagare ku ba, kun fi ni saninta. Kun san a share gefen gona da fartanya a bar fili tsakanin ciyawa da amfani. Kun san a tara shara tsibi-tsibi a ƙona da yamma lis ko da sassafe lokacin da iska ta kwanta, a gaya wa maƙwabci, a tsaya da ɗanyen reshen darbejiya a hannu har ta mutu murus. Wanda bai yi ba, ba rashin sani ba ne, sauri yake yi za shi kallon ƙwallo.

Doka ma akwai. Hukumar kare muhalli ta NESREA ta fitar da ƙa'idojin hana ƙona daji barkatai tun 2011, dokar Final Kot ta Arewa kuma ta daɗe da tanadin hukunci ga mai ɓarna da wuta. Na san za ku yi dariya, ku ce wa ya taɓa ganin waɗannan a Gwangwan ko Yammedi, motar kashe gobara kuwa kafin ta iso sai dai ta yi jaje. To ku bar ta gwamnati. Tun da aka mayar da masarautar Ƙaraye a 2024, ƙananan hukumomi biyu ne a ƙarƙashinta, Ƙaraye da Rogo, ba wani faɗin da zai sa a ce shela ba ta kai ba. Daga hakimi zuwa dagaci zuwa mai unguwa, da Sarkin Noma da Sarkin Baka da Arɗo, ba wanda bai san masu fita da karnuka a garinsa ba.

Saura kai, Malam, da ka yi shiru tun ɗazu kana jan carbi, kana jira in gama ka ce ƙaddara ce. Ƙaddara ce mana, har gafiyar ma. Amma kai ka karantar da mu cewa wani gida ya taɓa ƙonewa da dare a Madina, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hori mutane su riƙa kashe wuta in za su kwanta. Kai ka ba mu labarin annabin da aka yi wa faɗa don ya ƙone gidan tururuwa saboda cizon guda ɗaya, balle mai ƙone saura guda saboda zomo. Kuma a littattafan fiƙihun Malikiyya da ke cikin gafakarka an yi bayani ƙarara cewa wanda ya hura wuta ranar iska mai ƙarfi, ta tsallaka ta ci dukiyar wani, biya zai yi. Malaman da suka rubuta haka sun fi mu sanin ƙaddara, ba su kuma aika wa iska da sammaci ba.

Ni ma dai ban san me ya sa nake wahalar da bakina ba, don na lura da wani abu game da ku. Duk wannan gardamar ta aradu da kwalba da mutanen ɓoye, a kan gonar wani kuke yin ta. Ranar da ta ci taku, kafin azahar kun bi sawu, kun gano ramin, kun tsinci hular, kuna tsaye a ƙofar gidan dagaci da sunan yaron da na ubansa da adadin damin da za a biya.